Karta a Fadojin Gure: Ina Gasa Ta Tsaya, Ina Caca Ta Fara?

A fadojin samari na Gure, wasan belot ba ya ƙarewa da faɗuwar katin ƙarshe. Da an ƙirga maki, kafin mai shayi ya sauke na biyu, sai gardama ta kaure tsakanin abokan wasa biyun da suka sha kaye. "Haba yaya, kana riƙe da tara, me ya hana ka sako atu tun zubin farko?" "To kai da ka ɗauka da bale tilo, da me ka dogara?" Ƴan kallo da ke tsaye a bayansu, waɗanda ko kati ba su taɓa ba, kowa da tasa fatawar. Mai wucewa zai ce hayaniyar marasa aikin yi ce. Amma wanda ya kasa kunne zai ji cewa lissafi ake yi: kati nawa ya fita, nawa ya rage, wa ya kamata ya gane abin da ke hannun wa.

Irin wannan gardama ake yi a manyan zaurukan Amurka da Japan da Turai, inda ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, ke taruwa gasar katunan da ake saye ana musaya. Can an gina wa gardamar gida: akwai doka a rubuce, akwai alƙalai, akwai kambi. Nan kuwa an bar karta a gindin bedi da sunan da ya manne mata tun kaka da kakanni, wato caca. Uba ba ya son a ce an ga ɗansa a kanta, malami yana faɗa a kanta, su kansu masu yin ta in babba ya doso sai su tura katunan ƙarƙashin tabarma. Shin akwai abin da za mu ɗauko daga waccan duniya da zai raba gwaninta da caca a wurinmu? Akwai. Amma akwai kuma abin da bai kamata ya ƙetaro mana ba ko da kyauta ne, kuma raba biyun nan shi ne aikin.

Asalin katunan nan da ake saye ana musaya bai yi nisa ba. A shekarar 1993 wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering ta hannun kamfanin Wizards of the Coast. Dabarar da ya zo da ita sabuwa ce. A kartar da muka sani, dami ɗaya ake ajewa a tsakiya a raba wa kowa. A tasa kuwa, kowane ɗan wasa da daminsa yake zuwa, wanda ya zauna a gida ya tsara daga cikin dubban katunan da kamfani ya buga, kowane kati da aikinsa a rubuce a jikinsa. Japan ta bi sahu da katunan Pokémon a 1996, sai Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami a 1999. A 1996 ɗin ne kuma Magic ta fara gasar ƙwararru mai kyautar kuɗi, Pokémon ta fara gasarta ta duniya a 2004.

Tsara dami a gida rabin wasan ke nan, ana gama shi kafin a zauna. Dokar Magic ta ce dami kada ya gaza kati 60, kuma kada a sa kati iri ɗaya fiye da huɗu, ban da katunan ƙasa na asali, waɗanda su ne ke ba da ƙarfin da ake kashewa a saukar da sauran. Kowa yana farawa da rai 20 da kati bakwai a hannu. A nan gardamar masu wasan take da daɗin ji, domin ba ta ra'ayi kawai ba ce. Wanda ya sa katinsa mafi ƙarfi sau huɗu cikin 60, damar ya same shi a bakwai ɗin farko ba ta wuce kashi 40 cikin 100 ba. Shi ya sa gwani ba ya ƙara ko kati ɗaya a kan 60, ko da yana da wani mai kyau da yake ƙyashin bari: duk ƙari yana nesanta shi da wanda ya fi buƙata. Yawanci sukan sa katunan ƙasa wajen 24, kuma sai a kwana ana musu a kan ko 23 ya fi ko 25. Lamarin kamar na mai ɗaura wa raƙumi kaya ne zai shiga Tenere: in ya cika salkunan ruwa ba wurin hajar da zai sayar, in ya cika haja ƙishirwa ta kashe shi a hanya.

Damunan kuma suna da hali. Akwai na gaggawa, mai ƙananan katuna masu arha, da ke son gama da abokin karawa kafin ya shirya. Akwai na haƙuri, mai tare duk abin da aka jefo har ɗayan ya ƙarar da hannunsa, sannan ya yi bugu ɗaya. Akwai mai ɗana tarko, wanda ke jiran katuna biyu ko uku su haɗu a hannunsa wasa ya ƙare nan take. Babu wanda ya fi sauran a kowane hali. Saboda haka tambayar ɗan gasa ba "wane dami ya fi?" ba ce, "me mutane za su zo da shi ranar Asabar?" ce. In ya hango yawancinsu na gaggawa za su ɗauko, sai ya shirya abin da ke karya gaggawa. An ba shi kuma kati 15 na gefe da zai iya sauyawa tsakanin wasa da wasa, tunda karawa ɗaya wasa uku ce, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Wannan tunani ne mai zurfi, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Yaron da ya iya shi ya iya auna dama, ya iya karanta mutane, ya iya haƙura da abin da yake so saboda abin da zai yi aiki.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Katunan ba a ba da su kyauta, kuma galibi kamfani ba ya sayar maka da wanda kake so kai tsaye. Fakiti ne a liƙe, mai kati goma sha wani abu, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka yage. Kamfani da gangan yake buga wasu da yawa, wasu kaɗan ƙwarai. Mafi yawan lokaci abin da ka samu bai kai kuɗinka ba. Jefi-jefi wani ya dace da kati mai tsada, labarinsa ya bazu, sauran su koma kanti. Wanda ya san teburin caca ya san wannan ɗabi'a. A 2021 wani sanannen mai bidiyo a intanet, Logan Paul, ya sayi katin Pokémon guda a kan dalar Amurka 5,275,000. A 2023 mawaƙi Post Malone ya sayi wani katin Magic da aka buga guda ɗaya tak a duniya a kan kimanin dalar Amurka miliyan 2. Kuma ko wanda ba ruwansa da tara katuna, gasa kawai yake so, sai ya sayi masu ƙarfi ɗaya-ɗaya a hannun ƴan kasuwa, sannan bayan ƴan shekaru a ce tsofaffin sun fita daga tsarin gasa, a sayi sababbi. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta hana katunan Pokémon, kuma kama da caca na cikin dalilan da ta bayar. A 2018 ƙasar Beljiyam, wadda ba da hujjar addini ta zo ba, ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasannin kwamfuta caca ne a dokarta. Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye, domin ba ta kanti waɗannan wasanni za su shigo Gure ba, ta wayar salula za su shigo, kuma a can ma fakitin a liƙe yake.

Yanzu a dubi belot ɗinmu da idon adalci. Daga Faransa ta zo mana, inda ta bazu wajen shekarun 1920, ta zauna a Nijar har ta zama ƴar gida, kamar yadda Whot ta Ingila ta zama ƴar gida a Najeriya. Kati 32 ne, mutum huɗu, biyu-biyu, kowa takwas. A launin da ya zama atu, wato wanda ke cin sauran launuka, bale yana da maki 20, tara 14, as 11, goma 10, sarki 4, sarauniya 3. A sauran launuka uku as ne babba da 11, bale ya koma 2, tara ba ta da komai. In aka haɗa duka 152 ne, da goman zubin ƙarshe 162. Wanda ya ɗauka, wato ya zaɓi atu, dole shi da abokinsa su fi ɗaya ɓangaren, wato su kai 82 in ba wani ƙari, in ba haka ba sun faɗi, komai ya tafi ga abokan hamayya.

Ga inda gwaninta take. Atu takwas ne kacal, kuma su kaɗai suna ɗauke da maki 62. A ce mutum ya ɗauka da bale, as, sarki da bakwai. Huɗu suna waje, cikinsu har da tara, wadda ita ce barazanarsa. Ya sako bale, kowa ya bi, uku suka faɗo amma tara ba ta fito ba. Yanzu saura ita kaɗai, kuma tana cin as ɗinsa. Tana hannun abokinsa ko hannun abokin gaba? In ya sake jan atu da bakwai, ya fitar da ita da arha, amma wataƙila ya ɓarar da makamin abokinsa. In ya bari, tana iya yanke masa as na wani launi a lokacin da ya fi ciwo. Amsar tana cikin abin da ya riga ya gani: wa ya yi jinkiri kafin ya ce ya wuce, wa ya jefa goma a ƙarƙashin bale alhali da yana da ƙarami da shi zai jefa. Wannan duka cikin daƙiƙa kaɗan, ba takarda ba alƙalami. Akwai samarin da suka bar lakwal tun suna ƙanana, amma suna riƙe da kati 32 a ka har zubi na takwas, su faɗa maka makin kowane ɓangare kafin a ƙirga.

Abin da belot ta fi waɗancan katuna da shi a fili yake: ba mai sayen nasara. Kwali ɗaya mai arha ya ishi mutum huɗu, ɗan Alhaji da ɗan mai tallan ruwa katuna iri ɗaya ake raba musu. A gari irin Gure, inda Manga da Tubawa da Fulani da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, tabarmar karta na cikin wuraren da ba a tambayar mutum asalinsa, sai dai a tambaye shi ko ya iya. Abin da ta rasa kuwa shi ne duk abin da ke kewaye da wasan.

A nan ya kamata mu yi karatu a wurin masu Magic, domin su ma da caca suka fara. A dokar farko ta 1993, kafin a soma wasa kowa yana cire kati ɗaya daga daminsa ya aje, wanda ya ci ya kwashe. Da suka ga wannan zai sa hukumomi su ɗauke su ƴan caca, kuma mutane ba sa son rasa katunansu, sai suka watsar da dokar, suka hana katunan da ke aiki da ita shiga gasa. Yau a gasarsu ta hukuma, yin fare a kan wasa laifi ne, ba wa abokin karawa wani abu don ya sallama laifi ne, kuma ana hukunta mai yi. Kowa yana rubuta jerin katunansa ya miƙa kafin a fara, alƙali yana iya zuwa ya bincika daminsa a tsakiyar gasa. Karawa tana da lokaci, minti 50. In saɓani ya taso ba a ɗaga murya, hannu ake ɗagawa a kira alƙali.

Mafi amfani a cikin abin da suke yi shi ne tsarin haɗa karawa, wanda su ma aro suka yi daga masu darar Turawa, da aka fara amfani da shi a birnin Zurik na Suwizalan a 1895. Ba a korar kowa don ya faɗi sau ɗaya. Bayan kowane zagaye, wanda ya ci sai a haɗa shi da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi, kuma ba a maimaita abokin karawa. In ƙungiya 32 ce, zagaye biyar ya isa a ga wadda ba a taɓa kayarwa ba, sannan takwas na sama su yi sili-ɗaya-ƙwale. Hikimar ita ce, sa'a tana iya ba mutum wasa ɗaya, amma da wuya ta bi shi zagaye biyar a jere gaban mutanen da ke ƙara ƙarfi. Caca tana son a yanke hukunci a zubi ɗaya, da zafi-zafi, domin a nan sa'a ke mulki kuma a nan wanda ya faɗi ke cewa a sake. Gasa tana tsawaita hanya har gwani ya fito.

Akwai ma abin da ya fi wannan, wanda masu wasan kartar birij suka daɗe suna yi: a raba katuna sau ɗaya, a adana rabon, a ba kowane tebur irinsa. Ba a tambayar wa ya samu hannu mai kyau. Ana duba wa ya fi cin moriyar hannun da kowa ya samu. Da za a gwada haka a belot, da gardamar "ai katuna ne ba su zo mini ba" ta mutu, tunda ga wani can ya riƙe irin katunanka ya ci da su.

Magudi shi ne ɗaya ciwon, kuma duk mai wasan biyu-biyu ya san shi: ƙifta ido, sosa hanci, yadda ake buga kati a tabarma da ƙarfi ko a hankali, tari a lokacin da ba mura. A fada ana dariya a wuce, ko a yi faɗa a watse. In kuɗi na ƙasa kuwa, a nan zumunci ke lalacewa. Maganinsa ba wa'azi ba ne kawai, tsari ne: alƙali a tsaye, ƴan kallo nesa da bayan masu wasa, a gauraya katuna a gaban kowa, abokin hamayya ya yanka, hukunci kuma sananne tun kafin a fara.

Ba na cikin masu cewa iyaye da malamai sun yi wa karta ƙazafi. Sun ga abin da suka gani. Sun ga wanda ya sayar da buhun hatsi bayan girbi ya zubar da kuɗin a dare ɗaya, sun ga wanda aka kira magariba yana cewa bari a gama wannan. Haramcin caca a Alƙur'ani a bayyane yake, a Suratul Ma'ida, kuma ba mai jayayya cewa duk wasan da ƴan wasa suka zuba kuɗi mai ci ya kwashe ya shiga ciki, ko dala biyar ce. Wasan da ba kuɗi kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi tana cikin masu tsanantawa. Hukunci nasu ne, kuma duk mai son shirya gasa a Gure ya fara da zuwa gaishe su ya ji sharuɗɗansu. Abin da nake cewa kawai shi ne, shekara da shekaru ana tsawatarwa, karta ba ta bar fada ba. Fadojin nan sun yawaita ne tun shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe, masu takardar shaida suka rasa inda za su kai ta. Rani a Muniyo dogo ne, ba kowa ke tafiya ci-rani ba, kuma saurayin da ba shi da abin yi daga azahar zuwa dare zai sami abin da zai cika lokacin. In ba a fito da wasan fili an sa masa doka ba, zai ci gaba a ɓoye, inda kuɗi ke shiga.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ɗauki wasan dandali a mai da shi abin alfahari. Kokawa wasan bayan girbi ce a ƙauyuka kafin a shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Yau jihohi takwas ke kawo ƴan kokawa goma-goma neman takobi, ƙasa duka tana manne da rediyo da talabijin. Ba ƙarfin ƴan kokawa ne ya ƙaru a 1975 ba. Fili aka kewaye, aka sa alƙali da agogo. A maƙwabta, Najeriya ta ɗauki wasan haɗa kalmomi na Scrabble da muhimmanci har Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a 2015 a birnin Perth na Ostareliya, ɗan Afirka na farko da ya kai nan. Ga kuma dara tamu, ta gurbi talatin da ƴaƴa goma sha biyu-biyu, wadda dattawa ke haƙa wa a rairayi da tsinke da tsakuwa. Ita ba ta da rabon sa'a ko kaɗan, kuma duk ranar da za a yi gasar belot ya kamata a shimfiɗa mata nata wurin, a gayyato tsofaffi su nuna wa yara yadda ake kashe gida.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gari ba. Ƙungiya 32 mutum 64 ke nan, tabarma 16, kwalin karta 16, allo ɗaya da alli, da malaman lakwal biyu ko uku da za su riƙe lissafi. Kada ɗan wasa ya zuba ko dala, kada a bar ɗan kallo ya yi fare. Kyauta ta fito daga ma'aikatar magajin gari ko wani ɗan kasuwa mai son garinsu, kuma ta zama abin amfani, ba tsabar kuɗi ba. A rubuta doka a shafi ɗaya da Hausa da Faransanci, a karanta ta da Barbarci ga wanda ya fi jin sa, a tsaida wasa da an kira salla. In ta yi kyau a cikin gari, badi a kira Gidigir da Kelle da Bune da Gamu da Alakos.

Shugabannin fadoji, ku ne kuka san gwanayen kowace unguwa, kuma ku ake jin maganarku. Ku haɗu ku rubuta dokar, ku kai ta gaban malamai da magajin gari kafin sanyin bana ya wuce.